Yaro yana aji biyar bai iya haɗa baƙi ba, wai ina gizo yake saƙa?

Malam Mai Alli:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai da iyaye na wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina yau dai nace bari in fito da ita. Tun 2019 gwamnatin Ganduje ta ce ilimi kyauta ne kuma dole a Kano, a watan Yunin 2024 kuma gwamna Abba ya kafa dokar ta ɓaci akan ilimi, an gyara ajujuwa an yi fenti an kai bencina wasu guraren, wannan kowa ya gani da idonsa kuma ba mai raina shi. To amma mu da muke shiga aji biyar kullum abin da muke gani shi ne yaro ya shekara huɗu yana zuwa makaranta, ka rubuta masa "Audu ya tafi kasuwa" a allo ya kasa karantawa, amma in kace ya kwafa zai kwafa maka tas harda rubutu mai kyau. Kuma ba ɗaya ba ba biyu ba, su ne suka fi yawa a ajin. A haka manhaja take cewa in koya musu sassan jikin fure da Turanci. Tambayata ga masu bincike na cikinmu musamman Dakta, wai masana sun taɓa zama sun gwada sun ga me yake sa yaro ya iya karatu a irin yanayinmu, ko kowa da ra'ayinsa kawai yake aiki?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Malam kayi haƙuri amma ni a ganina ba sai an yi wani bincike ba, malamai ne basa shiga aji. Shi yasa duk da halin da ake ciki na daure na kai nawa makarantar kuɗi, gara in rage cefane.

Malama 'Yar Gwale:
Baban Amira kullum dai mu ne. Ka taɓa tsayawa gaban yara sama da ɗari a aji ɗaya, wasu a benci wasu a ƙasa wasu a bakin taga, alli ma wani lokacin da kuɗinka zaka saya? Na baya ko muryarka basa ji. Ba na cewa babu masu fashi a cikinmu, akwai su, amma wanda yake shiga ɗin ma me kake so yayi da wannan taron?

Dakta Na Kabuga:
Salam. Malam Mai Alli eh an gwada, an ma daɗe ana gwadawa. Da farko dai abin ba a Kano kaɗai yake ba. Bankin Duniya a rahotonsa na 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi basa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta, a Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara cikin goma ne. Ba don mu kwantar da hankali na faɗa ba, don mu san ciwon sananne ne kuma an nemi maganinsa.

Yadda masu binciken suke yi shi ne su ɗauki makarantu da yawa masu kama da juna a jefa ƙuri'a, rabi a basu sabon abu rabi a barsu yadda suke, bayan shekara ɗaya ko biyu a dawo a gwada yaran gaba ɗaya. Ƙuri'ar ce take hana son rai, kar a je a zaɓi makarantar da dama can hedimastanta jajirtacce ne sannan a dawo ana cewa shirin ne yayi aiki. Irin wannan aikin ne yasa aka ba Banerjee da Duflo da Kremer kyautar Nobel a 2019.

To ku ji abin da aka samu. A yammacin Kenya an raba wa makarantu littattafai kowa ya ɗauka shikenan an gama, da aka dawo aka gwada sai aka ga waɗanda dama su ne gwanayen aji su kaɗai suka ƙaru, sauran ko gezau, saboda littafin da Turanci yake kuma ya fi ƙarfinsu. A Peru an raba wa yara ƙananan kwamfutoci, sun iya danne-danne amma lissafi da karatu basu motsa ba. Abin da aka yi ta gani yana aiki a gurare daban-daban abu ne mara ƙyalli, wato a fara koya wa yaro daga inda ya tsaya, ko da manhaja tace ya kamata ace ya wuce nan tuntuni.

Maman 'Yan Biyu:
Dakta dan Allah ka ɗan buɗe mana wannan na ƙarshen, ni ina cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makarantar unguwarmu, kuma duk zaman da zamu yi maganar katanga da banɗaki ce, ba mu taɓa zama akan ko yaran sun iya karatu ba.

Dakta Na Kabuga:
Hajiya katanga da banɗaki ma suna da muhimmanci musamman ga 'yan mata, kar ku bari. Amma ga yadda abin yake. Wata ƙungiya ce a Indiya mai suna Pratham ta fara, bayan binciken da suke yi gida-gida ya yi ta nuna musu cewa kusan rabin 'yan aji biyar basa iya karanta rubutun aji biyu. Kun ga irin namu kenan sak. Sai suka ce to a ajiye maganar aji da shekaru tukuna, a kira yaro shi kaɗai a bashi takarda ɗaya, a sama haruffa, ƙasa kalmomi, sai 'yan jimloli, sai gajeren labari. Cikin 'yan mintuna ka san inda ya tsaya. Wanda bai san harafi ba rukuninsa daban, mai harafi daban, mai kalma daban, har zuwa mai labari. Kullum a ware wani lokaci, kamar awa ɗaya ko fiye kaɗan, kowa ya tafi rukuninsa ko ɗan aji huɗu ne ko ɗan aji shida, a yi ta wasa da haruffa da gaɓoɓi da baki da rubutu a ƙasa, bayan 'yan makonni a sake gwaji wanda ya iya ya matsa gaba. Ana kiransa TaRL, wato koyarwa daidai matakin yaro.

Kuma kar ku ce abin Indiya ne, an yi shi nan Kano. Shirin KaLMA da aka fara a 2019 a Wudil da Dawakin Tofa shi ne wannan, 'yan aji huɗu zuwa shida, Hausa da lissafi da kuma Turanci, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha wato SUBEB da British Council da TaRL Africa da kwalejin Sa'adatu Rimi duk suna ciki. Akwai malaman da suka samu wannan horon suna nan da ransu.

Sai dai akwai inda nake so mu tsaya sosai. A Indiyan ma ba ko ina yayi aiki ba. A jihohin Bihar da Uttarakhand da aka kira malaman gwamnati aka yi musu bita aka basu kayan aiki aka ce su je su yi a cikin zangon karatu, kusan ba abin da ya canza, kowa ya koma bin manhajarsa saboda ita za'a tambaye shi. Sai a Haryana da aka saka awa guda a cikin jadawali a hukumance, kuma aka sa masu duba makarantu su fara koyarwa da kansu sannan su riƙa zagayawa suna taimakon malamai, nan ne karatun yara ya tashi. Hanya ɗaya ce, kayan aiki iri ɗaya, abin da ya raba su shi ne lokaci da bibiya.

Gardin Dala:
Allah ya gafarta Dakta, tun ɗazu nake karantawa ina jinjina kai. Wannan da kake faɗa ai shi muke yi a makarantar allo tun kaka da kakanni. Ba'a taɓa cewa yara su hamsin duk yau ku karanta sura ɗaya don shekarunku ɗaya ba. Kowa da allonsa, mai babbaƙu yana babbaƙu, mai farfaru yana farfaru, wanda ya kai zube yana zube, kuma ba zaka wanke allo ba sai ka biya malam ya ji da kunnensa. In baka iya ba ko sati zaka yi akai sai dai kayi. Sannan manya suna biya wa ƙanana, malam ɗaya ba shi yake bin kowa ba. Yaron nan fa da kuke cewa daƙiƙi ne a boko da safe, shi ne da yamma yake kawo hadda a Islamiyya ba gargada. To ƙwaƙwalwar ai ɗaya ce.

Dakta Na Kabuga:
Allah gafarta malam wallahi ka faɗi abin da nake ta gaya wa ɗalibaina. Biyawa kafin a wanke allo ita ce gwajin da muka rasa a firamare, mu yaro yana wucewa aji na gaba ne don shekara ta zagayo. Abu ɗaya zan ƙara, a karatun boko bayan furtawa muna neman yaro ya faɗi me ya fahimta da bakinsa, don haka sai an haɗa da tambaya, waye ya tafi kasuwa, me ya sayo, me yasa ya dawo da wuri.

Hajiya Giredi Tu:
Yarana sannunku da ƙoƙari. Ni na yi ritaya amma abin yana raina. Lokacin da muka yi WTC, kwalejin horar da malamai mata, ba'a sake ka ka shiga aji sai an koya maka yadda ake riƙe alli, yadda ake tsayawa, yadda ake koyar da ba be bi bo bu har yaro ya haɗa ba da ba ya ce baba da kansa. Ranar da yaro ya fara haɗawa zaka ga fuskarsa ta canza. Hausa yadda ake faɗarta haka ake rubuta ta, yaro mai lafiya in an bi shi a hankali baya shekara bai iya karanta ta ba. Da aka rushe Giredi Tu, tsohuwar shaidar malanta da muka samu, aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaida, ba na ƙin NCE, amma sai ka ga yarinya ta karanto tattalin arziki da siyasa an turo ta aji ɗaya, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake fara koya wa ɗan shekara shida karatu. Ba laifinta bane. Kuma a da malamin da ya fi kowa gogewa shi ake ba aji ɗaya, yanzu wanda ake ganin bashi da ƙarfi shi ake turawa can.

Malam Mai Alli:
Mama Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganar aji ɗaya gaskiya ce ƙwarai, har a tsakaninmu ana ganin wanda aka ba ƙaramin aji kamar an rage masa daraja ne.

Baban Amira:
Ku tsaya ku tsaya. Duk na ji amma naga ana ta Hausa Hausa. Ɗana da Hausa ya tashi, me za'a koya masa a ciki? Ni Turanci na kai shi ya koyo, JAMB da Turanci ake yi, WAEC da Turanci, neman aiki da Turanci, mu a kasuwa muna gani yaron da ya iya Turanci shi ake turawa banki shi yake magana da baƙi. Manyan da suke cewa a koyar da Hausa ina nasu 'ya'yan suke karatu? Kuma ai gwamnatin tarayya da kanta ta soke wannan tsarin.

Dakta Na Kabuga:
Alhaji damuwarka a kan hanya take, duk muna so yaranmu su iya Turanci, saɓanin a kan ta ina za'a bi ne. Jin Hausa daban, iya karatu daban. Karatu sau ɗaya ake koyonsa, wato yaro ya gane cewa wannan zanen sauti ne kuma in an haɗa sautuka magana ce take fitowa. In ka koya masa wannan da harshen da yake ji, yana haɗawa zai ji ma'ana ya san ya yi daidai. In kuma da harshen da baya ji ne ka ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya, sai ya koma hadda da kwafa, shi ne abin da Malam Mai Alli yake gani a ajinsa.

Kuma a ƙasar nan aka gwada. Farfesa Babs Fafunwa, wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya fara wani gwaji a Ile-Ife a 1970, wasu yara aka koya musu komai da Yarabanci shekara shida na firamare Turanci yana matsayin darasi, wasu aka bi da su yadda aka saba. Na Yarabancin basu gaza ba, sun ma fi a yawancin darussa, kuma Turancinsu bai lalace ba. A arewa ma an yi Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara, duk koyon karatu ne da Hausa a ƙananan ajujuwa.

Maganar sokewa kuma haka ne, a ƙarshen 2022 zamanin Malam Adamu Adamu aka amince a koyar da harshen uwa har aji shida, a watan Nuwamban 2025 minista Alausa ya ce an janye an koma Turanci, ya kafa hujja da faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Ni dai hujjar bata gamsar da ni ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a 2025, ta yaya faɗuwar masu WAEC zata zama laifin tsarin da bai taɓa su ba? Ga shi ba'a buga littattafan ba, ba'a horar da malaman ba.

Malam Na Hotoro:
Dakta ni ina da 'yar makaranta ta kuɗi bari in faɗi nawa. Ranar da na ce zan fara koyar da 'yan nazire da Hausa ranar iyaye zasu kwashe 'ya'yansu, uba so yake yaro ya dawo gida yana gaishe shi da Turanci ya ji kuɗinsa basu tafi a banza ba. Sannan gwajin Ife da kake faɗa ai jami'a ce ta tsaya a kai, aka rubuta littattafai na musamman aka zaɓo malamai aka horar da su. Mu wa zai mana wannan? Malamai nawa ne a Kano suka iya rubuta Hausa daidai da ƙa'ida, masu ƙugiya da raba kalma? Ina kalmomin kimiyya? Kuma ka je Sabon Gari ko Brigade ko Dakata aji ɗaya zaka samu Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Igala, harshen uwar wa za'a ɗauka?

Dakta Na Kabuga:
Duk tambayoyinka masu nauyi ne. Na yarda Ife ta samu gata, kuma shi yasa nake cewa sanarwa a Abuja ba ta koyar da yaro, ko ta Hausa ko ta Turanci. Amma juya tambayar, malamai nawa ne suka iya Turancin da zasu yi minti arba'in suna bayani da shi yaro ya gane? Abin da yake faruwa a zahiri malam ya rubuta Turanci a allo, ya fassara da Hausa, yara su kwafa, an tashi ba Hausar ba Turancin. Gyara rubutun Hausar malamin da ya tashi da ita aikin makonni ne, gyara Turancinsa aikin shekaru ne. Unguwannin da aka cakuɗa kuma sai a duba harshen da yaran suke wasa da shi a waje, dama tsohuwar manufar ilimi ta ƙasa cewa tayi harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, a shekaru ukun farko. Ni ban ce a kai Hausa har jami'a ba a wannan zancen, cewa nayi yaro ya fara tsayawa da ƙafarsa a karatu, Turanci kuma ana yi masa da baki tun aji ɗaya kullum.

Malam Na Hotoro:
To a nan mun ɗan matso kusa. Amma fa sai an wayar da kan iyaye, in ba haka ba mu ne zamu rufe.

Malama 'Yar Gwale:
Duk wannan bayanin yana da daɗi amma ba wanda ya taɓo albashi. Malamin da kafin sha biyar ga wata albashinsa ya ƙare, yana aji yana tunanin kuɗin adaidaita da na magani, ana tashi ya ruga ya kama wata sana'ar, shi za'a ƙara wa aikin gwada yara ɗaya bayan ɗaya? A gyara albashi a gani in karatu bai gyaru ba.

Dakta Na Kabuga:
Malama wannan ma an gwada, kuma nasan amsar ba zata yi miki daɗi ba. A Indonesiya an ninka wa malamai albashi, aka bi su shekara biyu zuwa uku. Malaman sun samu nutsuwa, masu aiki na biyu sun ragu, amma sakamakon yara bai canza ba.

Malama 'Yar Gwale:
Haba Dakta! Wato kar a ƙara mana kenan? Irin wannan maganar ce in ta shiga kunnen masu mulki shikenan sun samu abin fakewa.

Dakta Na Kabuga:
A'a Malama ki fahimce ni. Albashi haƙƙi ne, ko da bai ƙara maki ɗaya ba dole a biya mutum abin da zai riƙe shi da iyalinsa, kuma in aikin bashi da daraja masu ƙoƙari ba zasu shigo shi ba, wannan binciken na 'yan shekaru bazai iya auna shi ba. Abin da ya nuna kawai shi ne in aka ƙara kuɗi aka bar malam da manhajar da ta fi ƙarfin yara da aji mai mutum ɗari ba jagora, zai ci gaba da yin abin da ya saba ne. Biyun ake buƙata tare.

Baban Amira:
Ni dai da za'a bi tawa a yi irin na Kaduna. 2017 El-Rufai ya yi musu jarrabawar 'yan aji huɗu, cikin malamai kusan 33,000 sama da 21,000 suka faɗi ya sallame su ya ɗauki sababbi. Wanda bai iya ba me zai koyar?

Hajiya Giredi Tu:
Ɗana wanda bai iya karatu ba kam bai kamata ya riƙe alli ba, a nan ba musu, kuma masu cusa 'yan uwansu a aikin koyarwa da takardar ɗan siyasa su ji tsoron Allah. Amma in ka kori dubu ashirin daga ina zaka ɗebo sababbin? Daga kwalejojin da suka yaye na farkon dai. In ba'a gyara can ba ka sake ɗebo irinsu. Ni na riƙe makaranta, na ga malamai masu rauni da suka zama gwanaye saboda an zauna da su ana nuna musu, na kuma ga masu babban kwali da basu iya riƙe aji ba.

Dakta Na Kabuga:
Mama abin da kika faɗa shi Kenya tayi a shirin Tusome daga 2015. Basu kori kowa ba. Kowane malamin ƙananan aji aka bashi littafin jagora darasi bayan darasi, yau ga harafin da zaka koyar ga yadda zaka fara ga abin da yara zasu yi, kowane yaro da littafinsa a hannu, sannan jami'i yana zuwa ya zauna a bayan aji ya kalli darasi, ya ɗauki 'yan yara ya ji karatunsu, ya zauna da malam su tattauna. Karatun yara ya tashi sosai a faɗin ƙasar. Kwamitin masana da Bankin Duniya da UNICEF da gwamnatin Birtaniya suke ɗaukar nauyi, a rahotonsa na 2023 ya saka wannan tsarin da na koyarwa daidai matakin yaro a sahun abubuwan da suka fi amfani a kan kuɗi kaɗan. Raba kayan aiki zalla ba tare da canza koyarwa ba kuwa yana sahun da suka ce asara ce.

Ɗan NCE Uku:
Salam iyayena da malamaina, ni ɗalibi ne ina shekarar ƙarshe. Abin da yake damuna duk wannan binciken da Dakta yake kawowa daga waje ne, mu kuma namu furojet ɗin takardar tambayoyi muke rabawa, ka yarda ko baka yarda ba, a ɗaure a ajiye ba mai sake buɗewa. Da za'a ce kowane ɗalibi in ya je TP, wato koyarwar gwaji, ya gwada karatun yaran ajinsa a farko da ƙarshe ya rubuta abin da ya gani, ai da cikin shekara ɗaya an san halin da kowace ƙaramar hukuma take ciki a cikin 44 ɗin nan.

Dakta Na Kabuga:
Allah yayi maka albarka, ka fara da naka. Ka samu mai duba aikinka tun yanzu ka gaya masa haka kake so kayi.

Maman 'Yan Biyu:
Ni kuma abin da nake gani a unguwa, yarinya tazo Litinin da Talata, Laraba an ɗora mata talla, Alhamis biki, Juma'a dama rabin rana ce. Wasu kuma in an fita tara basa dawowa saboda ba abin da suka ci. Ko wace hanya aka kawo in yaro baya zama ai ba zata yi ba. Amma na lura da abu ɗaya, uwa in ta ga 'yarta ta karanta mata saƙo a waya ko takardar asibiti, da kanta take korata makaranta. Yawancin masu cire 'ya'yansu ba ƙin boko suke ba, sun ga shekara biyar ba abin da aka samu ne.

Malam Mai Alli:
Na gamsu da yawancin bayanan amma ga inda nake maƙalewa. In na ajiye sikim, wato tsarin darussan zango, na koma koya wa 'yan aji biyar ba be bi, mai dubawa yazo lesin not zai tambaya da inda na kai a manhaja, ba zai kira yaro ko ɗaya yace karanta min ba. In ban kai ba takardar tuhuma ce. Kuma ni kaɗai ba zan iya raba yara rukuni-rukuni ba tunda sai an haɗa da 'yan aji huɗu da shida.

Hajiya Giredi Tu:
Kar ka fara kai kaɗai ɗana. Ka fara gwada 'yan ajinka a nutse, goma yau goma gobe lokacin tara, ka rubuta sunan kowa da inda ya tsaya. Sai ka kai wa hedimasta takardar, ka roƙe shi ya kira yara biyar da kansa ya gwada. Ba hedimastan da zai ji da kunnensa ya ce a bari. Daga nan ku nemi darasin farko bayan taron safe, malaman huɗu da biyar da shida ku raba rukunan a tsakaninku, mai haƙurin cikinku a bashi 'yan harafi. Sauran lokacin ku bi sikim ɗinku. Kuma shi hedimasta ya sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce kafin a fara, kar azo a ce an canza jadawali ba izini.

Maman 'Yan Biyu:
Mu ma a kwamiti zan kai maganar zaman da za'a yi, in an raba rukunin akwai 'yan matan unguwa da suka gama sakandare suna zaune, zasu iya taimakawa da ƙananan in hedimasta ya yarda.

Baban Amira:
Har yanzu dai ban sauka daga maganar Turanci ba. Amma Dakta turo takardar gwajin nan, ta Hausa da ta Turanci, zan gwada nawa da daddare in ga abin da nake biya.

Admin:
Dakta in ka turo zan maƙala ta a saman zaure. Dan Allah masu gwadawa kar a saka sunan yaro ko hotonsa ko sunan makaranta a nan, adadi kawai, aji nawa, mutum nawa a kowane mataki. Kuma in akwai wanda ya yi KaLMA a Wudil ko Dawakin Tofa a cikinmu ko kun san wani, a ƙara shi, muna so mu ji daga bakin wanda ya yi da hannunsa.

Dakta Na Kabuga:
Zan turo bayan isha'i in sha Allah. Shafi ɗaya ce, a buga ta da manyan haruffa. A fara da jimlolin tsakiya, in ya karanta a hau labari, in ya kasa a sauko kalmomi sannan haruffa. Kar a gyara masa yana cikin karatu, kar a riƙe bulala, kuma a bar shi ya nuna da yatsa in yana so. Alhaji kai ma in zaka gwada Amira ka bari sai ta ci abinci tukuna, kuma bayan ta karanta na Turancin ka ce ta gaya maka da Hausa me labarin ya ce.